Kason Raihana a Taurarin Zango

Ranar da labari ya watsu a Agege cewa Raihana 'yar Alhaji Zakari mai fata ta sayi kaso arba'in cikin ɗari na ƙungiyar ƙwallon Taurarin Zango, babu majalisar da ba a tashi da maganar ba. A wurin mai shayin bakin titin jirgi aka ce filin take so, za ta tuge raga ta dasa benaye ta zuba 'yan haya. A abbatuwa mahauta suka ce siyasa ce, ta lura samari sun fi taruwa a filin ƙwallo. Wasu suka rage murya suka ce kuɗin manyan Ikko take wankewa. Ko mutum ɗaya bai ce don tana son ƙwallo ba ne. Da mahaifiyarta, Inna Hansai, ta kwashe duk wannan ta juye mata a waya, Raihana ba ta ji haushi ba.

Ta ce, "Inna, ni ma da wata ce ta yi haka, abin da zan fara tunani ke nan."

Gaskiyarta ta faɗa, don zargi ne sana'arta tun kafin ta san ana biyan mutum albashi a kansa. A Zangon Agege aka haife ta, a gidan da kakanta ya gina bayan an sallame shi daga sojan Turawa. Ta tashi da Hausa a tsakar gida, Yarbanci a layi, Turanci a makaranta, kuma in faɗa ya haɗa ta da kwandastan motar haya ta danfo duka ukun take haɗa masa. Ubanta dillalin fata da ƙirgi ne a bayan abbatuwa. Ita ce mace ɗaya cikin 'ya'yansa biyar, ita kaɗai ce kuma ba ta toshe hanci in ta shiga rumfarsa. In an tashi daga makaranta takan kai masa abinci, ta zauna a kan buhun gishiri tana kallon ciniki. Mahauci zai shimfiɗa ƙirgi yana rantsuwa ko ƙwarzane babu. Alhaji Zakari ba ya musu da shi. Sai ya sa a ɗaga ƙirgin saitin rana, ya kira ta ya ce ta duba. Duk inda wuƙa ta yi zurfi wajen fiɗa, haske yakan ratso wurin ja-ja. Tana 'yar shekara tara ta fi yayyenta ido, har mahauta suka fara cewa Alhaji ya aiki yarinyar nan tukuna kafin a yi ciniki.

Ta karanta tattalin arziki a Jami'ar Legas, ta samu aiki a wani kamfanin zuba jari a Marina, unguwar manyan ofisoshi, wanda aikinsa shi ne karɓar dukiyar mutane ya sa a masana'antun da yake ganin za su girma. A benen da take aiki ita kaɗai ce mai mayafi. Tun makon farko abokan aikinta suka yanke hukunci cewa wani babban mutum ne daga Arewa ya yi mata hanya, ita da ba ta taɓa ganin Kano ba sai da bautar ƙasa ta kai ta. A gabanta suke faɗa, da Yarbanci. Ta bar su wata shida cur, sannan wata rana ta amsa wa ɗayansu da Yarbancin Agege mai kauri wanda ko kakarsa ba ta fi ta iyawa ba.

A shekararta ta uku kamfanin ya shirya sa jari mai nauyi a wata masana'antar fenti a Ilupeju. Takardu sun yi kyau. An zagaya da manyan kamfanin, an nuna musu sito cike da durom har rufi, an ba su shinkafa da kaza. Raihana tana can baya riƙe da jakar oganta, abu ɗaya ya tsaya mata a rai: an ce kaya ba sa yin mako a siton, amma ƙurar da ke kan layin baya ta fi ta shekara. Ranar Asabar ta hau okada ta koma ita kaɗai. Ta gaisa da maigadi da Hausa, ya zama mutumin Argungu ne, ya bar ta ta shiga. Ta cire takalminta ta bi durom ɗin ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da dunduniyarsa. Layi biyu na gaba suka amsa da nauyi, sauran duk suka yi ƙara irin ta garwar da ba ruwa. Ranar Litinin oganta ya yi mata faɗa sosai kan shiga wurin mutane ba izini, sannan ya janye daga cinikin. Kafin shekara ta zagayo masana'antar ta rufe da jarin wani kamfanin a ciki.

Masu gadi da direbobin Marina, waɗanda ba abin da ke wuce su, suka sa mata suna Hajiya Sai-Na-Gani. Daga nan ta riƙa hawa, ta zama shugabar sashen bincike, daga baya ta zama ɗaya daga cikin daraktoci. Halin ya ba ta ofis mai kallon teku, ya kuma rage mata ƙawaye. Mijinta Shamsuddeen, injiniyan lantarki, har yau yana ba da labarin yadda ta hau danfo ta je ma'aikatarsu a Ikeja kafin a sa musu rana, ta tambayi mai sayar da gasasshiyar ayaba a bakin ƙofa ko da gaske yana aiki a nan.

Bayan rasuwar Alhaji Zakari da wata bakwai, amininsa Alhaji Baballe ya zo ya same ta. Babban dillalin shanu ne a kara, dogo, mai furfura a gemu da muryar da ba ta bukatar lasifika. Shi ya raɗa mata suna, shi ya yi mata walicci. Shi da mahaifinta da wasu mahauta biyu ne suka kafa Taurarin Zango tun tana goye, don samarin abbatuwa su samu abin yi da la'asar. Mahautan biyu sun riga mu gidan gaskiya, magadansu suna son sayar da kasonsu, ƙungiya kuma ta kai inda 'yan wasa biyu ke karɓa-karɓa da takalmi ɗaya.

Ya ce, "Raihanatu, ba riba na kawo miki ba. Sunan mahaifinki ne a jikin takardar nan. In ba ki karɓa ba, wani Bayarabe mai gidan mai ya riga ya taya."

Wata uku ta yi tana bincike. Ta duba takardun filin, ta duba rajistar ƙungiya, ta zauna a mota ta kalli atisaye sau shida ba wanda ya san tana nan. Ta tarar da talauci, ba ta tarar da cuta ba. Ta sa hannu. Baballe ya ci gaba da riƙe kaso sittin, har da wanda mahaifinta ya bar masa tun yana raye, da shugabanci da hatimin ƙungiya, wanda yake yawo da shi a aljihun babbar riga tare da goro.

Ta sayo takalma da riguna, ta ɗauko koci mai takardar shaida, ta samo ma'aikacin jinya da ke zuwa ranar wasa. Ta kuma ce kowane ɗan wasa ya kawo shaidar haihuwa ta gaskiya. A makon nan mutum uku masu cewa shekararsu goma sha bakwai suka bar ƙungiya, ɗaya daga cikinsu yana da 'ya a firamare. Magoya baya ba su yafe mata wannan ba, don ɗayan ukun shi ne golansu. Amma a kaka ta biyu Taurari suka haura rukuni na sama a gasar jiha, ƙorafi ya ɗan lafa.

Rabin wannan hawan aikin Haidar ne. Shekararsa ashirin da ɗaya, ɗan dako ne a Mile 12. Da asuba yana sauke kwandunan tumatir daga tirela, da la'asar yana filin Zango, kuma duk ɗan bayan da ya yi kuskuren dukan kafaɗa da shi sai ya tashi yana duba haƙarƙarinsa. Ƙwallo goma sha tara ya zura a kaka ɗaya. Ba ya yawan magana, ba ya kallon mutum a ido, sai ƙwallo na ƙafarsa.

A watan Agusta wani baƙo ya fara zuwa kallo. Yakan tsaya a gindin bishiyar da ke bayan raga, da matsattsiyar kwat a zafin nan, da waya biyu, da turaren da ke riga shi isowa. Ba ya tafi, ba ya ihu. Tun wasa na biyu Raihana ta sa masa ido. Ta san labarin irinsu, masu karɓe fasfon yaro su ajiye shi a wata ƙasa ba wasa ba hanyar dawowa. Bayan wasa na uku Baballe ya kira ta falonsa ya gabatar da shi: Salissou, mutumin Maraɗi, dillalin 'yan wasa, ya daɗe a Tunis. Ya zo da takardar gayyata daga wata ƙungiya ta rukuni na biyu a can, suna son Haidar.

Salissou ya ce, "Bon, Madam, dosiye ya kammala, takardu duk sun haɗu. Mako biyu ya rage a rufe kasuwar 'yan wasa. Jibi in Allah ya so mu je neman biza."

Ta miƙa hannu. "In ga takardar."

Ya kalli Baballe kafin ya ba ta, ta kuma lura da kallon. Shafi ɗaya ne, da Faransanci, ba ta gane komai ba sai sunan Haidar. Ta ɗauki hotonsa da waya.

Ta ce, "Sai na bincika. Ba zan sa hannu a kan abin da ban karanta ba."

Baballe ya yi dariya yana ɓara goro. "Ke da aikinki ya yi miki yawa, kada ki wahalar da kanki. Sa hannun ai nawa ya isa."

"Baba, a yarjejeniyarmu ba a sayar da ɗan wasa sai da hannu biyu."

Salissou ya ɗaga gira. "Ni ban ma san ana bukatar hannun Madam ba."

Ta ɗauki wannan a matsayin raini, ta ƙara riƙe shi a rai. Kafin ta isa gida ta gama tsara masa laifinsa: ya ga tsoho mai son a yabe shi, ya zagaye ta.

Adireshin da ke jikin katin da Salissou ya ba ta a Iddo yake. Washegari da rana ta je, ta tarar ba ofis ba ne, ɗaki ne a saman shagon busasshen kifi kusa da tasha, da tabarma da fanka da akwati biyu. Mai shagon ya ce ɗan'uwansa ne, yana sauka a nan in ya shigo Legas. Ta sauko matattakalar tana jin irin daɗin da take ji in zarginta ya fara kama ƙasa.

Unguwa kuwa ta riga ta ji cewa Hajiya ta taka takardar Haidar. Aka ce kasonta take so a ƙara. Aka ce akwai wani dillalin nata da take son ba shi. Ranar Asabar da ta shigo fili magoya baya suka juya mata baya gaba ɗaya, wani ya yi ihu da Yarbanci cewa ta koma Marina. Bayan wasa ta biya gidan Inna, ta tarar da Haidar a tsugune a zaure yana jiranta, ko wanka bai yi ba.

Ya ce, "Hajiya, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Mutumin nan nake bincika."

"Shekara bakwai ina ɗaukar kwando a ka. Wuyana har ya sanƙare. Sau ɗaya Allah ya buɗe mini ƙofa." Ya ƙara sunkuyar da kai. "In cutata zai yi, ki bari ya cuce ni. Na yarda."

"Ni ban yarda ba."

Ya tashi ya fita bai yi mata sallama ba. Inna, wadda ta ji komai daga bayan labule, ta ce, "Raihana, ba kowa ne ɓarawo ba fa." Raihana ta ce ta sani, amma ba a goshi ake rubutawa ba.

Ranar Litinin ta kira wata abokiyar aikinta da ta yi karatu a Dakar ta iya Faransanci, ta ba ta hoton takardar. Ba su kira lambar da ke jikin takardar ba, Raihana ta nemo ta ofishin ƙungiyar da kanta. Ta zauna ta harɗe hannu tana jiran a ce ba a san wani Salissou ba. Abokiyar aikin ta yi magana mai tsawo, ta yi dariya sau biyu, ta ajiye waya. Sun san shi sarai. Ya taɓa kai musu 'yan wasa biyu, ɗaya yana nan har yanzu. Gayyatar gaskiya ce, suna jiran Haidar, kuma sun riga sun daidaita da ƙungiyarsa, Hasken Gobe.

Raihana ta ce, "Wace?"

Abokiyar aikin ta nuna mata layi na huɗu a takardar. Sunan yana nan a rubuce tsakiyar Faransancin, inda idonta ya tsallake, makarantar horar da 'yan ƙwallo ta Hasken Gobe, Agege. Babu Taurarin Zango ko'ina a shafin.

Ba ta taɓa jin wata Hasken Gobe a Agege ba, kuma babu fili ko na takalmin roba da ba ta sani ba a unguwar. Nan take ta gane dabarar, ko ta ɗauka ta gane. A tsarin ƙwallo, duk ƙungiyar da katin ɗan wasa yake hannunta ita ake biya in an saye shi, ita ce kuma ke da rabo duk lokacin da aka sake sayar da shi nan gaba. Salissou ya ƙirƙiro ƙungiyar bogi don ya zare Taurari daga cinikin. Ta bar taron da ke jiranta, ta nufi Iddo.

Ta same shi yana cin garau-garau a bakin shagon kifi, kwat ɗin na rataye a ƙusa. Ta faɗa masa abin da ta gano, a gaban ɗan'uwansa da masu sayen kifi, ba ta rage murya ba. Ya ajiye cokali, ya wanke hannu a hankali, ya hau sama ya sauko da jakar takardu.

Ya ce, "Madam, shekara goma sha huɗu ina wannan aiki. Ba ni da buro, ofis mai gilashi, gaskiya ne. Amma ban taɓa buga hatimin da ba nawa ba. Ga abin da aka ba ni."

Katin Haidar ne, da hotonsa, da sunan Hasken Gobe. A bayansa akwai takardar sallama daga Taurarin Zango, mai kwanan watan Maris, wata biyar kafin Salissou ya taka Agege. Hatimin ƙungiya ne a ƙasa, da ɗan tsaguwar da ke gefensa na hagu. Sa hannun kuwa ta san shi tun tana firamare, don shi ne a takardar shedar da aka kai ta makaranta da ita.

"Alhaji Baballe ne ya ce makarantarsa ce, Taurari aro suke yi. Ni baƙo ne. Wa zan tambaya bayan shugaba?"

Ta sake duba sa hannun. Ta ba shi haƙuri. Ya gyaɗa kai kawai ya karɓi takardunsa, bai ce ya haƙura ba.

Kwana ɗaya ya ishe ta ta gano sauran. An yi rajistar Hasken Gobe da sunan Baballe da babban ɗansa. Ba ta da fili, ba ta da ƙwallo ko ɗaya, amma tana da 'yan wasa biyar, kuma su ne biyar ɗin da kowa ya san za su yi kasuwa. Ta tambayi ɗaya daga cikinsu da dabara, ya ce ai Baba ne ya kawo musu takardar sabunta rajista suka sa hannu, kamar kowace shekara. Abin da ya fi ci mata rai ba cinikin ba ne. Wata uku ta yi tana bincika fili da rajista da bango da raga, ba ta taɓa tunanin ta bincika mutumin da ke riƙe da hatimin ba.

Washegari da hantsi ta sami Baballe a kara, a rumfarsa, ana sauke shanu daga tirela. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Ya sallami mutanen da ke wurin da ido. Ta ajiye kwafin takardun biyar a kan buzunsa. Bai taɓa su ba.

Ya ce, "To, kin gani."

"Na gani, Baba. Dalili nake so in ji."

"Shekara arba'in ina ciyar da ƙungiyar nan. Na sayar da bijimi don a kai yara wasa Badagry. Ƙafar yaro ta karye, ni ne a asibiti. Mahaifinki bai taɓa ce mini kawo takarda ba. Ke kin zo shekara uku da biro, an ce ko allura ba zan sayar ba sai da hannunki."

"Kai ka zo ka same ni, Baba."

"Ni na zo. Daga baya kuma na zauna na yi tunani." Ya sunkuyo, muryar nan tasa ta yi ƙasa. "Duk unguwa cewa ake filin kike so. Da farko na ƙaryata. Sai na ga kin kawo masu awo sun zagaye shi da igiya."

"Magudanar ruwa za a yi. Na faɗa maka."

"Kin faɗa. Amma ni ban san aikinku ba. Na dai san ku kan sayi abu ku gyara ku sayar. Na ce in ranar ta zo aka wayi gari babu Taurari, aƙalla yaran nan suna hannuna, ba a haɗa da su a cinikin ba."

Ta kalle shi tana neman inda maganar za ta yoyo. Yana iya yiwuwa gaskiya ya faɗa. Yana iya yiwuwa kuma a daren jiya ya shirya ta, don mai tsoron a sayar da yara ba ya zaɓar biyar masu tsada ya bar sauran ashirin. Ta faɗa masa haka. Ya ce sauran ashirin ba wanda zai saye su balle a ji tsoro. Wannan amsar ma tana iya zama kowanne daga cikin biyun, kuma a karon farko a rayuwarta ba ta da inda za ta je ta gani da idonta.

Ta ce, "Ka mayar da katunan biyar Taurari, Haidar ya tafi da sunan ƙungiyarsa. In ka yi haka, daga ni sai kai. In ba haka ba, Baba, lauya zai shigo, kuma ba na so."

"Ni za ki kai kotu, Raihanatu?"

"Ba na so, na ce."

Ya ce zai yi shawara. Kwana huɗu ya yi yana shawarar, ba ya ɗaga wayarta. Inna ce ta sa mayafi ta je gidansa da kanta, ba wanda ya san abin da suka faɗa. Da ta dawo ta ce ya yarda, amma ta roƙi Raihana alfarma ɗaya, kada maganar ta fita, saboda zumuncin da ke tsakaninsa da marigayi. Aka mayar da katunan ranar Alhamis. Kasuwar 'yan wasa ta riga ta rufe tun Talata.

Haidar ya koma Mile 12. Wata huɗu ya ƙara yana ɗaukar kwando, yana zuwa atisaye, in ya hango motarta sai ya sauya hanya. A watan Janairu da aka sake buɗe kasuwa Salissou ya dawo, wannan karon ofishinta ya kawo dosiye kai tsaye, ita ma ta sa aka fassara mata shi layi-layi. Haidar ya tafi da sunan Taurarin Zango. Yana can har yanzu, wani lokaci a fili, wani lokaci a benci. Da ya ci ƙwallonsa ta farko ya aiko da rigarsa, an rubuta a jikin ledar a ba Baba Baballe. An rataye ta a falonsa. A Agege labarin da aka sani shi ne Hajiya ta so ta hana yaron tafiya, Alhaji ya tsaya tsayin daka har ta saki. Ta ji wannan daga bakin mutum fiye da goma, ba ta gyara wa kowa ba.

Shamsuddeen ya taɓa tambayarta me ya sa ba za ta sayar da kasonta ta huta ba. Ta ce in ta sayar, duk abin da aka faɗa a kanta ya zama gaskiya. Ya ce wannan ba dalilin kasuwanci ba ne. Ta ce ta sani.

Yanzu hatimin yana cikin akwatin ƙarfe a ofishin koci, da kwaɗo biyu, kowa da makullinsa. An gama magudanar ruwan. Ranar wasa ita da Baballe benci ɗaya suke zama a ƙarƙashin rumfar kwano, ta gaishe shi ya amsa, ya tambayi yara ta ce suna lafiya. In ya miƙo mata takarda takan ce za ta tafi da ita gida, in ita ta miƙa masa yakan ce sai ɗansa ya karanta masa.

A wasan da suka yi da wata ƙungiya daga Mushin kwanan baya, saura minti uku a tashi ana ɗaya da ɗaya, ɗan wasan baƙi ya faɗi a gaban raga ba wanda ya taɓa shi, alƙalin wasa ya busa fenariti. Su biyun suka miƙe lokaci guda. Baballe yana ihu da Hausa, Raihana da Yarbanci, mayafinta ya zame har kafaɗa, kowannensu yana rantsuwa an sayi alƙalin. Aka buga, ƙwallo ta daki ƙarfe ta fita. Suka koma suka zauna suna haki. Ya ɓara goro ya miƙa mata rabi, ta karɓa.